Wa Ke Lalata Shafin Turaren Mama?

Masu karatu, ku gyara zama, yau da kaina zan tona asirina kafin wata ta riga ni. Na san halin Maiduguri. Magana in ta fita daga unguwar Fezzan da hantsi, kafin azahar ta isa Lamisula har ta yi 'ya'ya. Gara ku ji daga bakin mai ita.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, sunana Siddiƙa, shekarata ashirin da bakwai. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo gida ni da takardata muka zauna muna kallon juna. Mahaifiyata, Hajja Kellu, turaren wuta take haɗawa da humra da kulaccam, kuma ba yabon kai ba, in ta ɗora kasko a tsakar gida har masu wucewa a layi rage sauri suke yi. A da, mata daga Kano da Abuja da ƙafarsu suke zuwa saye. Da hanya ta ɓaci, kowa ya shiga tsoron tsakanin Damaturu da nan, sai ciniki ya kwanta. Ni na buɗe mata shafi a intanet, na ɗora hotunan kwalabe, mace ta zaɓa daga ɗakinta mu ba direba ya kai mata. Shafin nan shi ya tayar da kasuwar Mama, shi ne kuma ya jefa ni cikin abin da zan ba ku labari.

A shekarar da aka kayar da turakun lantarki, gari ya yi wata da watanni ba wuta, na tashi wata safiya na buɗe shafin, sai na ga babu kwalba ko ɗaya. Tallan caca ne ya cika shi, da wani rubutu da ban san na wace ƙasa ba ne. Masu kutse sun shigo. Na yi kuka, kukan gaske, har da majina.

Anti Susanna ce ta cece mu. Maƙwabciyarmu ce, mutuniyar Lassa, ƙawar Mama tun kafin a haife ni. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a sakatariya, yanzu kuma a ofishin cocinsu take yi. Ta ce ɗan ƙanwarta Godwin da abokansa biyu suna da ɗan kamfani a GRA mai suna Makulli Uku, aikinsu gadin shafukan mutane da gyara su in an yi musu ɓarna. Ta kira Godwin, Godwin ya ce ba ya gari, zai turo abokinsa Mikail.

Kafin in faɗa muku yadda Mikail yake, sai kun san mahaifina. Baa Umara tsohon magatakardan kotu ne, irin mutanen da ko takardar cikin kwalin magani sai sun karanta ta daga farko har ƙarshe. Dokarsa ɗaya ce a kaina: babu namijin da zai zauna masa a falo da sunan zance sai manyansa sun fara zuwa. Likita da mai gyara kawai ya cire, ya ce su larura ce take kawo su. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan shaiɗan ya samu wurin zama.

Mikail ya zo da la'asar. Dogo ne siriri, da gilashi, hularsa zanna ta ɗan karkace, jakar laftof a kafaɗa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baa, ya gaida Mama da Barbarci, "Wushe, Hajja," ni kuma ya dubi kafet ya ce, "Malama Siddiƙa ko?" Malama fa! Kamar wata shugabar makaranta. Awa uku ya yi yana aiki, injin gidanmu yana ta ƙugi a waje, bai ɗago kai ba sai da kwalaben Mama suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi murmushi, ya juyo mini da laftof ɗin ya ce, "Ga dukiyarku." Ni kuwa a lokacin ba kwalaben nake kallo ba.

Ya tafi. Sati ɗaya, sati uku, wata biyu. Shafi lafiya lau, ko tari ba ya yi. Mutumin nan ya iya aikinsa har ya cuce ni. In buɗe lambarsa in rufe, in rubuta "ina wuni" in goge. Da wane dalili zan yi masa magana? Mace da ajinta?

To ga abin da na yi, kuma kada wadda ta yi mini wa'azi a ƙasan rubutun nan, na riga na yi wa kaina. Wata Talata da hantsi na shiga bayan shafin da wayata, na kashe maɓallin da mutane suke dannawa su yi oda. Na jira minti goma don abin ya yi kama da gaske, sannan na rubuta masa:

"Malam Mikail, don Allah shafinmu ya sake samun matsala."

"Subhanallah. Gani nan bayan azahar."

Ya zo. Ya duba, ya gyara gilashi, ya ce abin yana buƙatar nazari. Ya yi awa biyu yana nazari, ya sha ardeb, lemon tsamiyarmu, kofi biyu, ya ci sinasir ɗin Mama, muka yi hirar jami'a da tsadar mai da yadda masu keke napep suke tuƙi kamar an biyo su. Bayan sati uku na sake, wannan karon hotuna na ɓoye. Ya sake zuwa. Daga nan na yi tuba, na ce Siddiƙa ya isa, abincin gidanku kike wasa da shi.

Abin mamaki, shafin bai tuba ba. Bayan kwana goma sai ga farashin kaya duk ya ɓace, kuma wallahi ba ni ba ce. Bayan nan lambar wayarmu ta gudu daga shafin. Na uku kuwa, kulaccam gaba ɗaya ya yi layar zana. Tsoro ya kama ni, na ce ko masu kutsen gaske ne suka dawo, ko kuwa alhakin ƙaryata ne yake bina. Amma in faɗa muku gaskiya, duk sanda abin ya faru, tsoron yana gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ina tunanin wace laffaya zan ɗaura. Zuwa biyar Mikail ya yi bayan na farko. A zuwa biyar ɗin nan, kalma ɗaya da ta yi kama da "ina sonki" ba ta fito daga bakinsa ba. Mafi kusa da ita shi ne ranar da ya ce lallen hannuna ya yi kyau, shi ma ƙofa yake kallo ya faɗa.

Ana cikin haka Baa ya kira ni bayan sallar asuba, yana zaune a kan darduma.

"Siddiƙa, mutanen gidan Alhaji Musa sun turo sau biyu a kan ɗansu Sa'id."

Na sunkuyar da kai.

"Ban yi wa yayyenki dole ba, ba zan fara a kanki ba. Amma mutane ba a barinsu a tsaye a ƙofa. Na ce musu Juma'a mai zuwa za su ji daga gare ni. In kina da wani, ki faɗa. In babu, ki yi tunani a kan wannan, yaron ba shi da aibu."

Gaskiyar Baa ce, Sa'id ba shi da aibu. Aibunsa ɗaya, ba shi ne Mikail ba. Amma me zan ce? In ce ina da wani, wanda shi kansa bai san ina da shi ba? Na ce, "To, Baa," na tashi na fita.

Ranar Litinin, ina cikin liƙa takardun suna a jikin kwalabe, wayata ta yi ƙara. Imel ne daga Makulli Uku. Bari in kwafo muku shi yadda yake:

"Zuwa ga abokan hulɗarmu. Daga ƙarshen wannan wata za mu daina gyaran shafi bayan an yi masa kutse, da zuwan gaggawa, da ajiye wa mutane kwafin shafinsu. Za mu tattara ƙarfinmu a kan abu ɗaya: neman kafar da ɓarawo zai bi, mu toshe ta tun bai zo ba. Kowane abokin hulɗa za mu ziyarce shi sau ɗaya na ƙarshe, mu duba, mu kulle, mu miƙa masa rahoto. Mai buƙatar gyaran gaggawa nan gaba, ga sunayen kamfanoni biyu da muka yarda da aikinsu."

Sau ɗaya na ƙarshe! Na karanta wurin nan ya fi sau goma. Takardar da ke hannuna na manna ta a juye ban sani ba, sai da Mama ta ce, "Ke, humrar tawa da ka take tsayawa?" Na shige ɗaki na ja labule, aji ya tafi hutu, na rubuta masa.

"Malam Mikail ina wuni. Na ga saƙonku. Rufewa za ku yi?"

"Lafiya lau Malama. A'a ba rufewa ba ce. Mu uku ne kawai, ga babu wuta, inji muke ta ba mai. Kullum muna gudu daga wannan gobara zuwa waccan."

"To ai aikinku ke nan."

"Shi ne muka zauna muka duba. Cikin shafi goma da muka gyara, takwas ta kafa iri ɗaya aka shige su: tsofaffin manhajoji da ba a sabunta ba, da kalmar sirri mai sauƙi. Mu wanke yau, bayan wata uku a sake kiranmu. Gara mu zauna mu riƙa gano kafofin nan muna toshewa, mutum ɗari su amfana lokaci ɗaya."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sai ga shi:

"Wasu gyare-gyaren ma da muke zuwa yi, tun farko bai kamata abin ya lalace ba."

Me yake nufi? Da wa yake? Na daure na rubuta:

"To in namu ya sake lalacewa fa?"

"Ba zai sake ba in sha Allahu. Abin da zan zo yi ke nan ranar Alhamis."

Kun ji fa. Mutum yana yanka ki yana ganin albishir yake miki. Alhamis zai zo ya toshe hanya ɗaya tilo da nake ganinsa, Juma'a kuma Baa zai ba gidan Alhaji Musa amsa. Rigakafi ya fi magani, haka Hausawa suka ce, amma ba su yi shawara da mai son ganin likita ba.

Ranar Alhamis laffaya uku na gwada. Shuɗiyar ta yi kama da ta zuwa gaisuwar rasuwa, mai ruwan gwal ta yi kama da na san wani abu, na ƙare a kan mai ruwan ƙasa da ɗigon fari, wadda take nuna kamar ban damu ba alhali guga biyu ta sha. Na shafa humra kaɗan, na sake shafawa. Mama kuwa tun safe take kicin, burabusko da miyar kuɓewa da naman rago, kai ka ce wani gwamna ne zai sauka. Anti Susanna ta shigo wai ta zo aron rariya, ta samu kujera ta zauna, rariyar ko kallonta ba ta yi ba.

Ƙarfe huɗu ya yi sallama, cikin farar shadda sabuwa, hular yau a miƙe take. Baa da kansa ya fito ya zauna a kujerarsa, ya ce tunda zuwan ƙarshe ne yana so ya ji abin da ake ta gyarawa wata bakwai ba ya ƙarewa.

Mikail ya buɗe laftof ya kama aiki, yana yi yana bayani. Ya cire wasu tsofaffin manhajoji huɗu da ya ce tagogi ne a buɗe. Ya sabunta sauran. Ya tambaye ni kalmar sirrin da muke amfani da ita, na ce "kellu1234", ya rufe ido kamar na taka masa ƙafa. Ya ba ni tawa daban, ya ba Mama tata daban, ya haɗa yadda ba mai shiga sai an turo masa lamba a wayarsa.

"Baa, kamar binciken da ake yi a ƙofar kasuwa ne," in ji shi. "Gara a tsayar da mutum a waje a duba shi, da a bari sai abu ya faru a zo ana kwashe-kwashe."

Baa ya gyaɗa kai a hankali. "Mu 'yan garin nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Kun yi tunani mai kyau, yaro."

"Kuma daga yau, duk wanda ya taɓa wani abu a shafin, saƙo zai zo nan take da sunansa."

Na ce a raina, shi ke nan, an rufe kasuwa. Ya zaro rahoton daga jaka, takardu ne a maƙale da ƙusa, ya miƙo mini da hannu biyu. Kafin in karɓa, Baa ya miƙa nasa hannun.

"Kawo nan."

Ya saka gilashin karatu. Ya karanta shafi na ɗaya, ya lashi yatsa, ya juya. Ya karanta na biyu, ya juya. Sai ya tsaya. Ya koma baya, ya dawo gaba, ya dubi Mikail ta saman gilashi.

"Daga biyu sai huɗu. Ina na uku?"

"Baa, wannan... ba shi da wani muhimmanci sosai."

"Shekara talatin da biyu na yi ina karɓar takardu a kotu. Shafin da aka cire, shi ne kullum mai muhimmancin. Yana ina?"

Ban taɓa ganin mutum ya yi gumi da sauri haka ba. Mikail ya dube ni, karo na farko ido cikin ido, kallon mai neman gafara. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da takarda a ninke huɗu. Ashe tare da sauran ya bugo ta a ofis, sai da ya zo ƙofar gidanmu zuciyarsa ta kasa, ya cire.

"Mene ne wannan jerin?" in ji Baa.

"Shafi yana rubuta duk wanda ya shiga bayansa, Baa. Rana, da lokaci, da irin wayar, da wurin da aka shigo."

"To. Na farko na ga sunan wata ƙasa. Sauran biyar ɗin fa?"

Muryar Mikail ta koma can ƙasa. "Daga cikin gidan nan ne."

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi. Kunnuwana suka yi zafi, laffayar da na sha wahalar gogewa ta jiƙe a baya. Baa bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa, abin da ya sa ake tsoronsa ke nan. Ya ture kofuna daga kan tire ya ce kowa ya ajiye wayarsa. Ya fara ajiye tasa, 'yar ƙarama mai tocila. Na ajiye tawa. Mama ta kwance bakin gyale ta ajiye tata, fuskarta ko a jikinta.

Baa ya ɗauki tawa, ya juya bayanta, ya duba takarda. "Talata, sha ɗaya da minti shida na safe. Da kuma wata Lahadi. Siddiƙa?"

Ƙarya ta ƙare. Na zame daga kujera na durƙusa. "Ni ce, Baa. Sau biyu. Ka yafe mini."

"Ke kika buɗe shafin, ke kike lalata shi. Don me?"

Wannan tambaya ko a gaban alƙali ba zan amsa ta ba. Anti Susanna ta kama tari, irin tarin da dariya ce ta bi ta wata hanya.

"To sauran ukun fa? Nan an rubuta wata waya daban."

"Wallahi Baa, ukun nan ban san..."

"Ni ce."

Duk muka juya. Mama ce, tana gyara garwashin kasko da cokali kamar maganar farashin tumatir ake yi.

"Hajja?" Baa ya cire gilashi. "Ke da ko saƙo sai an karanta miki?"

"Susanna ta rubuta mini a takarda, ta yi ta karanta mini har na haddace. Danna nan, danna nan, sai ka ga jan abu ka danna." Ta ɗaga kafaɗa. "Ba wuya ashe."

Anti Susanna ta ɗaga hannu biyu. "Baa Umara, ni bugawa kawai na yi, aikina ke nan tun ina budurwa. Abin da aka ce in rubuta shi nake rubutawa."

"Kasuwarki fa kika riƙa rufewa da hannunki, Hajja."

"Turare ba ya ruɓewa, Alhaji." Ta ajiye cokalin, ta nuna ni da baki. "Yarinyar nan ni na haife ta. Ranar da yaron nan zai zo, madubi har gajiya yake da ita. Ranar da ya tafi, abinci sai na yi da gaske take ci. Ina tsaye a bayanta ranar da ta kashe abin nan na farko, ita ba ta gan ni ba. Da na ga ta daina, shi kuma ga shi kamar an ɗinke masa baki, ga dokarka a ƙofa, sai na ce bari in ƙara musu lokaci ko Allah zai sa ɗaya ya yi magana. Sau uku ina dafa nama. Ko uffan!"

Na so in yi dariya, na so in yi kuka, na so in tashi in rungume ta, na so kuma in gudu Kamaru. Baa ya daɗe yana kallon matarsa. Gefen bakinsa ya motsa, ya danne. Sannan ya juya kan Mikail, wanda ya zama kamar an dasa shi a kafet.

"Kai kuma. Yaushe ka gane daga gidan nan ne?"

"Tun... tun ranar Talatar, Baa."

"Gyaran na minti nawa ne?"

"Biyu." Ya gyara gilashi. "Ko daga ofis zan iya yi."

"Minti biyu. Amma ka hau keke daga GRA, ka bi shingen bincike, ka zo ka zauna mini a falo awa biyu kana shan ardeb. Sau biyar. Ni kuma ina zaune a ciki ina cewa Allah sarki, yaro mai ƙoƙari."

"Na yi kuskure, Baa."

"Ban tambaye ka kuskure ba. Dalili nake tambaya."

Mikail ya cire hularsa, ya riƙe ta da hannu biyu. Da ya buɗe baki, muryar ba irin ta mai bayanin manhaja ba ce.

"Na san dokar gidan nan, Baa, Godwin ya faɗa mini tun ranar farko. Sai manya sun zo. Ni kuma mahaifina ya rasu a Bama shekarar da muka gudo. Gidanmu ya watse, kawuna ɗaya ya rage, yana Yola, shi ma zaman haƙuri yake yi a gidan mutane. Kullum in na zo sai in ce yau zan yi magana, sai in tuna ba ni da wanda zan turo da zai cika muku falo. Sai in ce bari in ƙara zuwa gyara ɗaya." Ya murza bakin hular. "Da muka yanke shawarar daina zuwan gaggawa, ni na fi kowa jayayya a ofis. Su Godwin sun san dalili, dariya suka yi ta yi mini. Amma gaskiyarsu ce, aikin ya fi amfani a haka."

Mama ta sa bakin gyale ta goge ido, ta ce hayaƙi ne. Ni kuwa wani abu ne ya cika mini ƙirji, tausayi da daɗi a haɗe, har na manta a durƙushe nake a gaban shari'a. Ashe duk watannin nan da nake cewa ba ya ganina, lissafin kujerun falonmu yake yi.

Baa ya ninke takardar, ya mayar da ita tsakanin shafi na biyu da na huɗu, ya daidaita gefen da kyau.

"Wa ya ce maka cika falo nake nema? Cewa na yi manya su zo, ban faɗi adadi ba. Garin nan wa ya rage da danginsa cikakku?" Ya ɗauki 'yar wayarsa mai tocila daga kan tire ya miƙa masa. "Gobe Juma'a akwai mutanen da suke jiran amsata. Sa mini lambar kawun naka."

Mutumin da yake korar masu kutse sai ga shi maɓallan ƙaramar waya sun gagare shi. Sau biyu yana kuskuren lamba. Ya miƙa wa Baa, Baa ya danna kira, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ɗora ta a hannun kujera. Ta fara ringin.

Sai ya juyo gare ni.

"Siddiƙa, kowa a falon nan ya yi magana, har mai aron rariya. Ke kaɗai ce ba ki ce komai ba, sai lalata kaya. Ba zan yi wa dattijo magana a kan zato ba. In bar ta ta shiga, ko in kashe?"

Ringin na biyu. A gaban Baa fa! Ni da ko sunan aure ban taɓa furtawa a gabansa ba. Mama ta zuba mini ido, Anti Susanna ta dafe ƙirji, Mikail ya koma kallon kafet ɗinsa. Ringin na uku. Na ga babban yatsan Baa ya tashi, ya tsaya a kan jan maɓalli, kuma na san shi, ba ya wasa da magana.

Na ja laffaya na rufe fuskata gaba ɗaya, na tattaro duk muryar da ta rage mini.

"Kada ka kashe, Baa."

Daga can Yola, muryar wani tsoho ta fito a hankali, tana ɗan shaƙewa: "Salamu alaikum. Wa ke magana?"